Allurar Malam da Jan Ɗauri

Sunana Asabe, amma a unguwarmu ta kan dutse a nan Makka ba mai kirana da shi. Mai Ɗauri ake ce mini. Ban iya karatu ba, ban iya rubutu ba. Ina faɗa ne, maƙwabciyata Malama Hadiza tana rubutawa. Abin da ya sa na kira ta kuwa, maganar da jikokina suka yi ce ranar Juma'a. Sun tarar ina shanya alƙalumana a kan tabarma, sai babbarsu ta tambayi aikin da na yi duk rayuwata. Da uwarta ta gaya mata, sai ta ce, "Sifiri kawai, Kaka? Ai ko ni sai in yi dubu kafin a kira la'asar." Suka yi dariya, na taya su. Da suka tafi na zauna na yi kuka, domin wanda zai ba su amsa da kyau yana kwance a ƙasa, shekara biyu ke nan. To, bari ni in ba su, gwargwadon yadda zan iya.

Ɗauri shi ne ɗan zoben nan ja da ake sa wa a kan harafi a Alƙur'ani rubutun hannu irin namu na gida, domin mai karatu ya san a nan harshensa zai tsaya cak. Larabawa sukun suke ce masa. Mijina, Malam, marubucin Alƙur'ani ne. Shi ke rubuta baƙi, shi ke sa wasula da ja, ni kuma in bi baya in ɗaure. Haka muka yi shekara arba'in da 'yan kai.

Aikina na farko a bayan kwalin sabulu na yi shi. Mun zo aikin hajji ina amarya, muka zauna ba takarda kamar sauran mutanenmu, muka kama ɗaki ɗaya a kan dutsen nan. Malam yana rubutu, ni ina ɗinkin hula in kai wa wata mata ta sayar. Wata rana ya tsaya a kaina yana kallon ƙananan idanun da nake zagayawa da zare a jikin hula. Can ya ce, "Asabe, ɓarna ake yi da hannun nan." Ya yanko kwali, ya fiƙe mini alƙalami, ya zana zobe ɗaya ƙanƙane kamar ƙwayar gero, ya ce in yi masa ƙanne.

Wata uku ina yi wa zoben nan ƙanne. Kullum da hantsi ya ɗauki kwalin ya duba. Ya nuna ɗaya ya ce, "Wannan ƙwai ne, kai wa kaza." Ya nuna wani ya ce, "Wannan kin bar bakinsa a buɗe, ƙuda zai shiga." Wanda ya fi ƙi shi ne wanda tawada ta cike cikinsa. Makaho yake ce masa. Ɗauri sai an ga farin takarda a tsakiyarsa, komai ƙanƙantarsa. In ya cike ya zama ɗigo, ɗigo kuwa aikinsa daban ne, kuma wannan ba wasiƙa ba ce da za a ce ai an gane abin da ake nufi. Na yi fushi sau da yawa. Na taɓa ce masa, "Malam, tunda ka fi kaza sanin ƙwai, ka yi abinka." Ya yi dariya har rawaninsa ya kwance, ya miƙo mini wani kwalin.

Ku da kuke cewa za ku yi dubu, bari in gaya muku abin da ake yi kafin a yi ɗaya. Alƙalamin na gamba ne, kuma gamba ba ta fitowa a Makka. Sai mu aika gida, alhazai su taho mana da ita a ɗaure cikin kaya, tare da bagaruwar tawadar Malam da ƙaro. Bakin nawa alƙalamin ya fi nasa siranta, kuma ba a tsaga shi da zurfi, don kada ya ɗebi tawada da yawa. Jar tawada ni nake haɗa ta da garura da ƙaro. In ƙaro ya yi yawa, ganye ya manne da ɗan'uwansa a cikin gafaka. In ya yi kaɗan, yatsan mai karatu ya goge ta cikin shekara biyu. Sannan ga zafin garin nan. Tawada tana bushewa a bakin alƙalami tsakanin kurtu da takarda, saboda haka daga fitowar rana zuwa hantsi kawai nake aiki, kurtun naɗe da jiƙaƙƙen tsumma. Ba a kunna fanka, domin ganyen Alƙur'aninmu ba a ɗinke yake ba, iska sai ta watsa shi. Gumi kuma in ya ɗigo ya ɓata shafi, sai na ɗaure goshina da ƙyalle. Ba na taɓa ganye sai da alwala, kuma kwanakin da ba na salla ba na zuwa kusa da shi. Shi kansa zoben da numfashi ɗaya ake yin sa. Ki riƙe numfashi, ki fara daga sama, ki zagayo, ki dawo inda kika fara ba tare da an ga mahaɗa ba, sannan ki saki.

Za ku ce, wadda ba ta san harafi ba, ta yaya take sanin inda za ta sa? Allura ce. Malam yana da wata tsohuwar allurar ɗinkin buhu da ya dakushe bakinta a kan dutse. In ya gama wasula, sai ya zauna bayan sallar asuba da ganyen a cinyarsa, yana karantawa a hankali, duk inda ɗauri zai zauna ya danna allurar kaɗan. Ba hudawa yake yi ba, ɗan lotsawa ne kawai. Ni kuma sai in ɗauki ganyen in karkata shi wajen hasken ƙofa, in ga 'yan inuwoyi a kan layi, in zagaye kowace da ja. In na gama ya sake karantawa. A shekarun farko alamar tana da zurfi, har yatsa yana jin ta. Da tafiya ta yi tafiya sai ta riƙa raguwa. Nakan ce masa, "Malam, hannunka ya yi sanyi, ka riƙa dannawa mana." Shi kuma ya ce, "Idonki ne ya yi kaifi." Ku riƙe wannan maganar, zan dawo kanta.

Alƙur'ani na farko da na ɗaure tun daga farko har ƙarshe, na wani tsoho ne mutumin Damagaram. Ranar da ya zo karɓa ya zauna a bakin ƙofarmu, ya buɗe tsakiya ya fara karatu. Ina bayan labule ina ji. Duk inda muryarsa ta tsaya cak, sai in ji kamar a tafin hannuna ta tsaya. Ni da ban san alif ba, ga dattijo mai furfura yana tsayawa inda na ce ya tsaya a cikin maganar Ubangiji. Tsoro ya kama ni. Wannan tsoron bai taɓa barina ba, kuma ina ganin shi ya riƙe mini hannu.

Masu zuwa wurinmu yawanci tsofaffi ne da idonsu ya saba da rubutun allo. Sukan yi magana a hajjin bana, su karɓa a na baɗi, ko su aiko wani. Muna cikin haka aka shiga raba Alƙur'ani bugun inji, mai kyau, mai sheƙi, kyauta ga kowane alhaji. Alheri ne babba, ban ce ba alheri ba ne. Amma a shekarar nan hajji ya zo ya wuce ba wanda ya hawo dutsenmu. Malam ya gama wani ya sa a gafaka ya rataye, ya zauna yana kallon bango. Gamba ta bushe a lungu. Da abincin gidan ya ƙare ya ce in ɗauko mayafina, muka gangara Kudai inda motocin alhazai ke lodi.

A Kudai ya shimfiɗa buhu, ya ajiye gwangwanin fenti da buroshi, ya zama mai rubuta suna a jikin jaka da jarkar zamzam. Mutumin da ya rubuta Alƙur'ani da ka, yana durƙushe a gaban akwatin wani yana rubuta sunan gari. Ni ina riƙe masa laima. Na ɗauka wulaƙanci ne ya same mu. Ban san a nan Allah zai nuna mini abin da har yau in na tuna shi tsigar jikina ke tashi ba.

Wani alhaji ne fari tas, rana ta gasa shi ya yi jawur, daga ƙasar da aka ce ruwa yana daskarewa a kan hanya. Ya rubuta sunansa a takarda da haruffan boko. Malam bai yi boko ba, amma duk abin da aka zana masa yakan kwaikwaya. Ya gama, mutumin ya girgiza kai, ya nuna wani ɗan abu a saman harafi ɗaya da Malam ya ɗauka datti ne. Malam ya kai takardar kusa da ido, sai ya juyo yana murmushi. Ya ce, "Asabe, ajiye laimar. Ga naki ya biyo ki."

Ɗauri ne. Zobe ƙanƙane, cikinsa fari, zaune a kan harafin Nasara. Na karɓi buroshin, na riƙe numfashi, na zagaya. Mutumin ya duba, ya dafa ƙirjinsa. Malam ya tambaye shi da 'yar Larabcin da suka haɗu a kai, ko a wurinsu ma harshe tsayawa yake yi. Ya ce a'a. Ya nuna zoben, ya zagaye bakinsa kamar mai hura wuta, ya saki murya mai tsawo. Wato zoben da yake rufe bakinmu, shi ne yake buɗe nasu.

Daga ranar na zama mai farautar zobe. Duk takardar da aka miƙo sai na leƙa. Wata 'yar tsohuwa ƙarama daga can ƙarshen gabas ta kawo suna da haruffa kamar an karya tsinke an jera, ga zobe a kafaɗar ɗaya daga cikinsu, ba a kai ba. Da na yi mata, ta haɗa leɓɓanta ta sake su da ɗan ƙara don in ji aikinsa, ta yi ta sunkuya mini, ni ma na yi ta sunkuya mata, har Malam ya ce in ba mu daina ba motarsu za ta tashi. Mutanen Habasha nasu a jikin harafin yake maƙale, wani a ƙafa, wani a wuya. Wani Buzu ya ga ina mamaki ya zana mini a ƙasa da yatsa, ya ce su a wurinsu zoben shi kaɗai ma harafi ne cikakke. Maƙwabciyarmu mutuniyar ƙasar Barma kuwa, da na ba ta labari ta shiga ɗaki ta fito da wata takarda daga ƙasarsu. Tun daga sama har ƙasa zobe ne a kan zobe, manya da ƙanana. Na ce mata, "Ke, ai ku ƙasarku gaba ɗaya aikina ne." Har ta rasu tana tsokanata da maganar.

Na tambayi Malam wa ya koya wa wa. Ya ce bai sani ba, kuma yana zaton ba wanda ya koya wa wani. Ya ce hannun ɗan Adam ne, duk inda yake, in yana son ya ce wa mai karatu lura da nan, sai ya zagaya. Sannan ya ce, "Ke da kike ganin alhazai kullum, me suke yi a Harami?" Ɗawafi yake nufi. Tun daga ranar, in na riƙe numfashi na fara daga sama na zagayo, nakan tuna.

Shekara uku muka yi a Kudai, sannan tsofaffi suka fara dawowa ɗaya-ɗaya. Sun karɓi na injin sun gode, sun sa a kan kanta, amma idonsu ya kasa sabawa. Wani ya ce wa Malam a na injin zoben ma ba aikin tsayawa yake yi ba, harafin da za a tsallake yake nunawa, shi kuwa ya tsufa da sake koyo. Ba mu koma kamar da ba, amma alƙalami bai sake bushewa ba.

Na ƙarshe na Alhaji Mamman ne, limamin wani ƙauye a ƙasar Katsina. Na masallacinsu ruwa ya ci shi, kuma da shi yake koyar da manyan ɗalibai. Ya ce zai dawo bayan shekara biyu in Allah ya kai rai, kuma yana jin ita ce zuwansa ta ƙarshe. Malam ya rubuta baƙin duka, izu sittin. Ya sa wasula duka. Muna bi da allura da ɗauri, izu bayan izu, har ya rage bakwai. Ranar wata Talata ya dawo daga asuba ya ce ƙirjinsa ya riƙe, bari ya ɗan kishingiɗa kafin ya ɗauki allura. Bai ɗauka ba. Kwana huɗu ya yi. Aka yi masa salla a Harami cikin mutanen da ba su san sunansa ba, daga kowace ƙasa. An ce mini wannan babban rabo ne, kuma na yarda. Amma ni na dawo ɗaki na tarar da takalmansa a bakin ƙofa, kuma har yau ban iya kawar da su ba.

Duk tsawon takabata ban buɗe akwatin ba. Ranar da na fita, na yi alwala da safe, na ɗauko izu bakwai ɗin nan, na karkata ganye na farko wajen ƙofa. Fayau. Ba inuwa ko ɗaya. Na duba na biyu, na uku, har na ƙarshe. Dama na sani, tunda a gabana ya kwanta bai taɓa su ba, amma sai da na duba. Na aika aka nemi wanda zai ƙarasa. Masu irin hannun nan a Makka duk sun mutu ko an mayar da su gida. Wani ya ce a kawo ya cike da jan biro. Na ce a gaya masa na gode. Alhaji Mamman ya aiko da murya ta waya yana ta'aziyya, ya ce in bai ƙaru ba kada in damu, Allah ya ga niyya. Wannan ta fi komai yi mini ciwo. Ba a sa Alƙur'ani marar ɗauri a gaban ɗalibi. In ban ƙarasa ba, aikin Malam na ƙarshe zai zauna a akwati har asu ya cinye, ba wanda ya karanta ko layi ɗaya. Hajji kuma saura wata biyar.

Kullum da safe sai in fito da ganyen in karkata, in mayar. A haka autata Rabi, uwar jikokin nan, ta same ni. Ita haihuwar nan ce, tela ce, Hausarta rabi Larabci. Ta tsaya a ƙofa ta tare mini haske.

Ta ce, "Inna, me kike nema a ciki?"

Na ce, "Abin da babu. Matsa mini."

Ba ta matsa ba. Ta ce, "Ɗayyib, to. Kina da alwala, ni ma ina da ita. Ba ni izun da kika ɗaure na ƙarshe kafin Baba ya kwanta."

Na ba ta. Ta shiga lungu ta ɗauko wani tsohon ganye da ya ɓaci tun tana goye, wanda Malam ya ajiye a gafaka. Ta kama yatsana ta ɗora a tsakiyar wani ɗauri na tsohon ganyen. Ta ce, "Kin ji?" Na ji ɗan rami. Ta ɗora a kan na sabon. Sumul. Ta matsa zuwa wani. Sumul. Muka bi shafin gaba ɗaya, muka juya bayansa, muka ɗauko wani izun, da wani.

Na ce, "Hannunsa ne ya yi sanyi da tsufa."

Ta ce, "Inna, Baba ya daina danna allurar nan tun ina budurwa."

Na ce mata ƙarya take yi, kuma ban taɓa ce wa wani cikin 'ya'yana haka ba. Na ce da idona nake ganinsa kullum da allura a hannu.

Ta ce, "Riƙewa yake yi. Yana bin layi da ita yana duba rubutunsa, amma ba ta taɓa takarda. Ni na kama shi, ina kawo masa shayi. Ya ce wata rana aka kira shi jana'iza ya bar ganye biyu bai yi musu alama ba, ya dawo ya tarar kin ɗaure su, kuma ba kuskure. Ya gwada ki da shafi ɗaya, ya gwada da izu, daga nan ya bari."

Na ce, "To me ya hana shi gaya mini?"

Ta ce, "Na tambaye shi. Ya ce, uwarki in ta san ita kaɗai ke tafiya, hannunta zai yi rawa, ki bar ta tana ganin alamata. Ya sa na yi alkawari ba zan faɗa ba yana raye." Ta share ido da gefen mayafi. "Bai ce komai ba a kan bayan ransa. Halas, shi ke nan, na faɗa."

Na tuna maganarsa, idonki ne ya yi kaifi. Shekara ashirin yana gaya mini gaskiya a fuskata, ina ɗauka tsokana ce. Na yi kuka a ranar fiye da ranar da aka fita da shi.

Kada ku ɗauka washegari na zauna na fara. Abin da ya faɗa ne ya faru. Na haɗa tawada, na fiƙe alƙalami, na ɗauki ganye, hannuna ya kama rawa kamar na mai zazzaɓi. Na ga baƙaƙen haruffa birjik, ban san ko ɗaya ba, na ce ni wace ce. Kwana tara ina ɗauka ina ajiyewa. A na goma na buɗe gwangwanin da yake ajiye allurar, don kawai in riƙe abin da ya riƙe. Na zauna inda yake zama, na bi layukan da ita a hankali kamar yadda yake yi, ban taɓa takardar ba. Na ajiye ta. Na koma wurina, na karkata ganyen wajen ƙofa.

Malama Hadiza, rubuta wannan yadda na faɗa. Na gan su. 'Yan inuwoyin nan, kowace a mazauninta, layi bayan layi. Na san babu su, yatsana ya shaida babu su, amma ga su. Rabi ta ce idona ne ya haddace surar wuraren cikin shekara arba'in, ya san harafin da aka bari tsirara yana jira da wanda aka bari don haka ake barinsa. Wataƙila haka ne. Ni dai na yi bisimilla, na riƙe numfashi, na zagaya.

Wata uku da kwanaki na yi a kan izu bakwai. Da na gama ban yarda da kaina ba, don wannan ba abin da ake yarda da kai ba ne. Rabi ta kai wa Alaramma Bukar, wani tsohon mahaddaci mutumin Barno da ke gindin dutse, na ce ya duba kamar yana neman laifin maƙiyinsa. Ya riƙe kwana goma sha biyu. Ya hawo da kansa, yana haki, ya zauna a bakin ƙofa inda tsohon Damagaram ya taɓa zama. Ya ce ya sami wuri huɗu da na tsallake, ya sa zare a kowane. Wanda aka sa inda bai kamata ba kuwa, bai samu ba. Na cike huɗun a gabansa.

Ya ce, "Hajiya, an ce ba ki yi karatu ba. Wa ya yi miki alama bayan Malam?"

Na ce, "Shi ne dai, Alaramma."

Ya dube ni, ya dubi allurar a kan tabarma. Ya ɗaga hannu ya yi wa Malam addu'a mai tsawo.

Alhaji Mamman ya zo, an riƙo shi ta kafaɗa biyu saboda hawan dutse. Ya buɗe wajen ƙarshe, cikin izun da Malam bai gani da ɗauri ba, ya karanta shafi guda. Ina bayan labule. Muryarsa tana tsayawa, tana tashi, tana tsayawa. Ya rufe, ya sa a gafaka, ya rataya a wuyansa, ya ƙi ba kowa ya riƙe masa har suka gangara. An ce mini yana can ana karatu da shi.

Ban sake ɗaure wani ba, don ba mai rubuta mini baƙi. Alƙaluman nake fitarwa in shanya don kada su yi fumfuna, shi ne kuka gani. Ke mai dubu kafin la'asar, na yanka miki kwali, yana nan a kan akwati, na zana miki ɗaya a kusurwa. Ki zo da safe, kafin rana ta yi zafi, ki yi masa ƙanne. Zan gaya miki wanda yake ƙwai da wanda ya makance. Allurar kuwa ba zan ba ki ba tukuna. Ina amfani da ita.